Gwaggo Asabe ta Laburaren Tudun Wada

Gwaggo Asabe ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a bakin titi a Kwangila ina jiran Keke. 'Yarta Hadiza ce ta kira. Na ɗauka zan ji an sallame su daga asibiti, sai na ji, "Anti Hauwa, Mama ta cika bayan asuba." Mai Keke ya tsaya a gabana yana ta tambayata ina za ni, ni kuwa na kasa tuna sunan unguwar da na shekara bakwai ina aiki a cikinta.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

An yi mata sutura, an kai ta makwancinta ɗazu. Na dawo daga gidan gaisuwa a Gyallesu, na zauna in rubuta layi biyu, sai na tarar duk abin da na tuna game da matar nan dariya yake ba ni. Ina kuka ina dariya, har maigidana ya leƙo sau biyu ya ga ko lafiya.

Ku yi haƙuri da ni, rubutun zai yi tsawo.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Gwaggo tsohuwar malamar firamare ce. Da ta yi ritaya sai ƙungiyar unguwa ta damƙa mata ɗan laburaren da suka gina a Tudun Wada. Ɗaki ɗaya ne, da kanta huɗu, da fanka mai ƙara kamar injin markaɗe. Duk Asabar da ƙarfe goma na safe takan shimfiɗa tabarmi, yara su cika ɗakin, ta ɗauko littafi mai hotuna ta karanta musu. Iyaye na cewa "karatun Asabar". Yaran kuwa cewa suke "za mu je Gwaggo", kamar sunan gari.

Ni bayan na gama bautar ƙasa aka ɗauke ni in taimaka mata. Aikin laburare na karanta a jami'a, kuma a lokacin ina jin kaina ba kaɗan ba.

Ranar farko na zo mata da jerin littattafan yara har shafi uku. Daga intanet na sauko da shi, na buga, na sa a fayil mai roba. Na ajiye a gabanta na ce, "Gwaggo, ga waɗanda ya kamata mu riƙa karanta wa yara."

Ta ɗaga tabarau ta duba shafin farko, ta duba na ƙarshe.

"Duk kin karanta su?"

"A'a Gwaggo, masana ne suka zaɓa."

"Masanan nan sun taɓa zama da yaran Tudun Wada?"

Na ce ban sani ba.

"To, Digiri, Asabar mai zuwa taki ce."

Daga ranar sunana ya ɓace. Shekara bakwai Digiri take kirana, har yaran suka ɗauka, har wata uwa ta taɓa aiko min da katin biki an rubuta "Malama Digiri" a bayan ambulan.

A cikin jerin nan nawa, littafi ɗaya kacal muke da shi a kanta. Labarin wata yarinya ce a ƙasar sanyi, ƙanƙara ta sauka ta toshe musu ƙofar gida, babanta ya fito da shebur yana kwashewa. Hotunan sun yi kyau ƙwarai.

Ana tsakiyar bazara na karanta shi. An ɗauke wuta tun jiya, fankar ta yi shiru, kowa na zufa.

Ina buɗe shafi na uku wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Anti, duk wannan farin abin ƙanƙara ce?"

"Eh."

"Kuma zubar da ita yake yi?"

"Share ta yake yi daga bakin ƙofa."

Can sai wata ta ce, "Ba shi da hankali ne?"

Shi ke nan labari ya ƙare. Wannan ta ce mamarta zoɓo take sayarwa, jiya har Kongo aka je neman ƙanƙara ba a samu ba. Wancan ya ce in shi ne a kula zai ɗura. Aka shiga gardamar kula nawa za ta cika. Wata 'yar ƙarama da ba ta ce komai ba tun ɗazu ta ƙura wa hoton ido, ta ga an jibge ƙanƙara a gefen titi, kawai ta fashe da kuka.

Na waiga neman agaji, na hango Gwaggo a bayan ɗaki ta rufe fuska da mafici, kafaɗunta sai rawa suke.

Da yara suka watse na zauna ina jiran faɗa. Ta fita, ta dawo da ƙullin zoɓo biyu masu sanyi, ban san inda ta samo su ba, ta miƙo min ɗaya.

"Littafin ba shi da laifi," in ji ta. "Ki ajiye shi sai lokacin sanyi. Lokacin ba wanda zai ji haushin mutumin."

Haka ta koya min aikin, ba ta taɓa zaunar da ni ta yi min lacca ba.

In aka kawo mana kwalin littattafai, daga malaman jami'a na Kongo ko daga 'yan unguwa da ke zaune a waje, Gwaggo tana da yadda take gwada kowanne. Za ta sa in tsaya a jikin taga in ɗaga littafin, ita kuma ta je bakin ƙofa ta cire tabarau. In ta kasa bambance akuya da tunkiya daga can, littafin ya faɗi. Ta ce yaron da ke zaune a tabarmar baya shi ma ɗan mutane ne.

Gwaji na biyu shi ne na fitsari.

Gwaggo ta ce yaro ba ya cewa littafi ba daɗi, kunya yake ji. Hannu zai ɗaga ya ce zai yi fitsari. In mutum uku suka fita kafin a kai tsakiya, to marubucin ya yi laifi. Akwai littafin da ya fitar mana da yara tara. Har layi aka yi a bakin banɗaki.

Bayan kowane karatu sai ta buɗe cikin bango ta rubuta hukunci da fensir. Duk wanda ya je laburaren yau zai gani da idonsa. Wani ta rubuta, "Ya yi." Wani, "Hotuna sun yi, marubucin ya cika surutu." Wani kuma, "A ba mai fama da rashin barci."

Iyaye mata kuwa zuwa suke wurinta kamar sun zo kemis. Wannan ta ce ɗanta cizo yake yi. Waccan ta ce tun da ta haihu 'yarta ta daina cin abinci don haushin jariri. Gwaggo za ta saurara, ta yi tambaya biyu uku, ta je kantar littattafai ta zaro ɗaya ta ce, "Sau ɗaya bayan la'asar, kwana biyar. Ki ɗora ta a cinya, kuma wayarki ta kasance a ɗaki."

Wata rana wata ta rage murya ta ce, "Gwaggo, ba ki da na maigida? In ya shigo gida ba ya magana da kowa."

Gwaggo ba ta ko yi murmushi ba. Ta ɗauko wani wanda babu rubutu a ciki sam, hotuna ne zalla, ta ce, "Ki ba yaran su kai masa ya gaya musu abin da ke faruwa. Dole ya buɗe baki."

Bayan sati biyu matar ta dawo da littafin ta ce a canza mata, yanzu ya ƙi yin shiru.

A durowar teburinta ba a rasa gyaɗa da dabino. Ta san yaran da ke zuwa ba su karya ba, daga fuska take gane su. Ba ta taɓa cewa "zo ka ci, na ga kana jin yunwa" ba. Sai dai ta ce, "Yau kyautar iya zama ta Sadiya ce," ko da Sadiya ce ta fi kowa mutsu-mutsu. Na fi shekara ina ganin rashin adalci a rabon kyautar nan kafin in gane.

Yanzu bari in faɗi laifina, tunda wadda ta rufa min asiri ta tafi.

A shekarata ta biyu Gwaggo ta je Kano sunan jikarta, ta bar min Asabar. Akwai wani littafi da ta ajiye can saman kanta, ta rubuta a ciki, "Mai kyau ne, amma ba yanzu ba." Na hau kujera na sauko da shi. Labarin wata yarinya ce da ta tsinci ɗan kwikwiyo a cikin ruwan sama yana rawar sanyi, ta yi masa wanka, ta ɓoye shi a gadon kakanta saboda nan ya fi ɗumi.

Na karanta, ko yaro ɗaya bai fita ba. Har "a sake, a sake" suka yi min. Na koma gida ina jin yau na wuce Gwaggo.

A cikin yaran akwai Ummi, 'yar shekara biyar, jikar Alhaji Shehu. Alhaji Shehu shi ne ciyaman na kwamitin laburaren. Tsohon magatakardar kotu ne, mutumin da ko gaisuwa yake amsawa kamar yana ɗage shari'a.

Ranar Litinin Alhaji ya dawo daga sallar azahar zai ɗan kishingiɗa. Ya ɗaga bargo, ya haɗa ido da kwikwiyo. An yi masa wanka da sabulun matarsa Hajiya, an shafa masa turaren Alhaji na Juma'a, an ɗora kansa a filo.

Maƙwabta sun ce salatin da Alhaji ya yi har layi na biyu an ji.

Katifar ta kwana uku a rana. A rana ta huɗu takarda ta iso laburare, da hatimi da sa hannu: an dakatar da karatun Asabar, kuma ana neman mu a gaban kwamiti.

Gwaggo ta dawo daga Kano ta karanta takardar, ta dubi saman kantar littattafai, ta dube ni. Aikin nan shi ne kaɗai abin da nake da shi a lokacin, mahaifiyata na kwance ba lafiya. Abin da ya fi damuna ma, na rushe wa baiwar Allah abin da ta yi shekara da shekaru tana ginawa.

Dattawa biyar ne a mitin ɗin. An ajiye littafin a tsakiyar tebur, ba wanda ke son taɓa shi.

Alhaji ya gyara murya ya ce, "Wa ya karanta wa yara wannan?"

Na buɗe baki, sai na ji an take min ƙafa. Gwaggo ba ƙaramar mace ba ce, kuma da dunduniya ta taka.

"Ranka ya daɗe, ni aka damƙa wa laburaren nan. Duk abin da aka karanta a ciki, ni na karanta."

"Hajiya Asabe, an shaida min kina Kano."

"To daga Kano na karanta."

Wani dattijo a gefe ya yi tari, ya ɓoye baki da hannun riga.

Kafin Alhaji ya samu abin cewa ta ci gaba. Ta ce yana da gaskiya, idon mata biyu bai isa ba, daga yau kwamiti ya riƙa tantance duk littafin da za a karanta. Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce a riƙa kai masa su gida yana dubawa.

"A'a, ranka ya daɗe. Littafin yara ba a sanin lafiyarsa sai an karanta shi a gabansu. Kai da ka yi aikin kotu, ana yanke hukunci ba a ji shaidu ba?"

Nan ta kama shi. Ya ce ba a yi. Ya amince a yi zama ɗaya na gwaji, shi da kansa zai karanta, daga nan kwamiti ya yanke shawara.

Ranar Asabar ya zo da babbar riga da jan biro. Yara suka yi tsuru-tsuru a tabarma. Gwaggo ta miƙa masa wani tsohon littafi da ya sha salatif, labarin jakin da ya ƙi haye gada, aka ja shi, aka tura shi, aka lallashe shi, ya kafe.

Alhaji ya fara karantawa kamar yana karanta wa mutum tuhuma. Bai ɗaga kai ba, bai nuna hoto ba. Da ya iso inda jakin ya yi kuka sai ya ce, "Sai jakin ya ce, haa, waƙafi, hii, aya."

Hannu huɗu suka tashi a lokaci ɗaya. Na san inda za su. Na dubi Gwaggo, na ga ita ma ta fara damuwa.

Sai Ummi ta miƙe tsaye. Kun san jika da kaka.

"Kai Alhaji ba ka iya ba. Ba haka jaki yake yi ba."

Ya leƙo ta saman tabarau. "Ke, ni za ki koya wa kukan jaki? Ni da na yi kiwon jakai uku a ƙauyenmu tun ba a haifi kakarki ba?"

"To yi mu ji."

Ya dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi silin.

Alhaji Shehu ya ajiye biro. Ya cire tabarau ya ninke. Ya tattare hannun riga ya ɗora a kafaɗa, ya ja numfashi har cikinsa ya taso.

Jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan daga bakin ɗan Adam ba. Mai shagon da ke jikinmu ya fito da gudu. Kuma Allah ne shaidata, wani jakin masu yashi da ke wucewa ta bayan katanga ya tsaya ya amsa masa.

Yara suka zube a tabarma. Masu fitsari suka manta da fitsari. Gwaggo ta zame daga kujera tana riƙe da ciki, hawaye na zuba. Alhaji kuwa ya mayar da tabarau, ya juya shafi da natsuwa, ya ce, "Akwai wani a gaba, ku zauna."

Sau huɗu jakin nan ya yi kuka kafin ya haye gada.

Ba a sake tayar da maganar takarda ba. Alhaji dai ya ce tantancewa ba aikin rana ɗaya ba ne, don haka ya zama duk Asabar yana nan. Matsalar da muka samu ita ce ba ya son tantance komai sai littafin jaki. Da abin ya ishi Gwaggo ta ɓoye shi a bayan ƙamus, ta rubuta a ciki, "A ɓoye wa Alhaji." Ya nemo shi, ya karanta rubutun, ya sa jan biro a ƙasa ya rubuta, "An gani."

Ni kuwa na yi ta jiran ranar da za ta yi min faɗan kwikwiyo. Sai bayan sati uku, muna manna shafukan da suka yage, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ranar nan, yara nawa suka fita?"

"Ko ɗaya, Gwaggo."

"To kin iya zaɓe. Saura ki riƙa tuna gidajen da za su koma."

Iyakar faɗan ke nan.

Wani abu da na daɗe ina mata ƙorafi a kai shi ne fassara. Yawancin littattafanmu na Turanci ne, Gwaggo kan duba ta faɗa da Hausa. Sai dai fassarar Gwaggo ba ruwanta da abin da aka rubuta. Duk wani tsoho mai gemu a hoto sunansa Malam Audu. Duk gari Zariya ne. In aka zana mutane suna cin wani abinci da ba ta gane ba, dambu ne.

Na ce, "Gwaggo, ba haka marubucin ya ce ba."

Ta ce, "Da ya zo Tudun Wada da haka zai ce."

Wata Asabar, Ummi ta kai aji uku lokacin, tana zaune a gaba daf da littafin. Gwaggo na cikin bayanin yadda Malam Audu ya ɗauki buta, sai yarinyar ta sa yatsa a kan shafin.

"Gwaggo, ina aka rubuta Malam Audu? Ni ban gani ba. Nan cewa aka yi mutumin ya buɗe taga."

Na ce a raina yau an kama Gwaggo.

Gwaggo ta kalli yarinyar. Sai ta ce, "Sake karantawa in ji." Ummi ta bi layin da yatsa, tana tuntuɓe, har ta kai ƙarshe. Gwaggo ta tashi daga kujerarta, ta ɗaga Ummi ta ɗora a kai, ita kuma ta sauka ta zauna a tabarma cikin yara, da ƙyar saboda gwiwa, ta ce, "Ku yi shiru, malama za ta karanta mana."

Ranar, bayan kowa ya tafi, na same ta tana share ido da bakin mayafi. Ta ce fankar ce ta watsa mata abu. Ranar ma babu wuta.

Ganina da ita na ƙarshe ranar Lahadin nan ne, a asibiti. Sati biyu ke nan da kwantar da ita. Hadiza ta kira ni ta ce Mama ta ce in zo mata da littattafai. Na tattaro na addu'o'i guda uku na sa a jaka, na tafi lokacin ziyara da la'asar, ina ta shirya fuskar da zan shiga da ita.

Na same ta ta rame, ana mata ƙarin ruwa. Ta leƙa jakar ta taɓe baki.

"Digiri, waɗannan ina da su a ƙarƙashin filo, wasu ma a kaina suke. Na kazar nan nake nufi. Na yi wa mutane alkawari."

Ashe tun da ta ɗan samu sauƙi ta mayar da ɗakin jinyar mata wurin karatu. Da baki take ba su labaran, ta ce musu akwai hotuna, suna nan tafe. Allah ya taimake ni akwai na kazar a jakata, na ɗauko shi ne in gyara bangonsa a gida. Labarin kaza ce da ta kwanta a kan ƙwai, aka ƙyanƙyashe, ɗaya ya fito ɗan agwagwa, ya riƙa faɗawa ruwa, uwar na bin gaɓa tana ihu.

"Ni numfashina ba zai kai ba," in ji ta. "Tsaya a tsakiya. Ɗaga shi sama, na gadon ƙarshe ma su gani."

Haka na tsaya a tsakiyar ɗakin marasa lafiya ina kukan kaza. Masu jinya suka matso. Nas ɗaya ta zo da tiren magani ta tsaya a ƙofa ba ta shigo ba sai da aka gama. Gardama ta kaure tsakanin gado na biyu da na biyar a kan wa ya sa wa kazar ƙwan agwagwa. Ta gado na biyu ta ce ai maƙwabciya ce, ta san irinsu.

A gadon da ke kusa da Gwaggo akwai wata tsohuwa da suke kira Iya, daga wani ƙauye aka kawo ta. Da na rufe littafin ta miƙo hannu ta ce, "'Yar nan, in taɓa?"

Na ba ta. Ta goge hannunta a zani tukuna. Ta riƙa juya shafukan a hankali tana shafa kazar da yatsa. Ta ce, "Ashe haka bokon yake? Mu ce mana aka yi duka ne kawai."

Lokacin ziyara ya ƙare, na miƙa hannu in karɓa, Gwaggo ta riƙe min mayafi.

"Bar mata."

"Gwaggo, na laburare ne, akwai hatimi. Me zan rubuta a rajista?"

"Rubuta yana wurin mai karatu."

Na durƙusa in yi mata sallama. Ta dube ni ta ce, "Kin fara iya kaza. Agwagwar ce har yanzu da saura." Na yi dariya. Ta ƙara da cewa, "Ranar Asabar ki karya kafin ki fito, muryarki rawa take in kina jin yunwa. Kuma ki yafe min, na takura miki da yawa."

Na ce, "Haba Gwaggo, sai kin dawo dai."

Ta ce, "To, Hauwa'u. Allah ya yi miki albarka."

Sai da na hau Keke na lura da sunan da ta kira ni.

Jibi Asabar. Da ƙarfe goma yara za su zo su cire takalma a bakin ƙofa, su tambaye ni ko Gwaggo ta warke. Zan buɗe, in sha Allah. Tun ɗazu nake bin kantocin nan huɗu a cikin kaina ina neman littafin da ya dace da irin wannan rana, ban samu ba, kuma wadda zan tambaya ita ce babu.

Ya Allah, ka gafarta wa baiwarka Asabe. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Duk harafin da wani yaro ya iya a dalilinta, duk cikin da ta ciyar ba tare da ta kunyata mai shi ba, ka sa ta tarar da su a mizaninta. Ka ba Hadiza da 'yan'uwanta haƙuri. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ya san ta ko bai san ta ba, don Allah kar ya wuce bai yi mata addu'a ba. Ku kuma da kuka taɓa zama a tabarmarta, na san wasunku yanzu kuna da naku 'ya'yan, ku sa su su ɗaga hannu su ce Allah ya ji ƙan Gwaggo.

Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya ba ni muryar da zan gaya wa yaran nan jibi.